Rasuwar Gidan Malam Yaji

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya hana ta cin abinci, Gumsu Yaji, mai tuyar ƙosai a bakin Kasuwar Shanu ta Potiskum, tana sanar da dangi rasuwar gidansu na gado da ke ƙasar Nangere. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara saba'in da biyu, a ƙarƙashin katafila.

Mahaifinta, marigayi Malam Yaji, shi ya kwaɓa ƙasarsa da ƙafarsa, tun wurin babu kowa sai tsamiya da dila. Mamacin, wato gidan, ya kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ya ga haihuwa goma sha ɗaya, zaurensa bai taɓa mayar da baƙo ba, kuma shekarar fari rumbunsa ya ciyar da maƙwabta har shuka. Wanda ya san shi ba zai manta ƙiiii ɗin ƙyaurensa ba.

Jinya ta fara ne da 'ya'ya suka watse birni. Damina ta ci katangar gabas, gara ta shiga azara. Gumsu kaɗai ke zuwa duk rani ta yi masa yaɓe, yana kuwa samun sauƙi. Ba ruwa ya kashe shi ba. Ƙaninta Mahdi ne ya sayar da shi ga wani dillalin shanu, ba da sanin kowa ba. Ta iso ana ture zaure, ta tsaya gaban katafila, direba yana ta ƙara wuta. Mahdi ya janye ta yana cewa, "Yaya, ƙasa ce fa kawai."

Ya rasu ya bar rijiya, da tsamiyar nan, da magada bakwai da ba sa gaisawa. Ya kuma bar kaburbura biyu a bayan garka, na Baba da na Inna, inda dillalin ya ce ranar Litinin zai haƙa harsashin garken shanunsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da sassafe a kufai. Kowa ya zo da tubali, a kewaye kaburburan. Mahdi ya rantse duk wanda ya taka filin zai kira masa 'yan sanda. Gumsu ta ce ya kira. Ita dai za ta zo da tabarmarta, kuma tsakanin iyayenta za ta shimfiɗa.