Telan da Ya Yi wa Ayaba Aljihu

"Ni da na shekara uku ina ɗinka maɓalli kafin maigidana ya bar ni in taɓa keke, ni za a gaya wa wahala? Aikin likita ai zama ne da rubutun da ba ya karantuwa."

Tela ke nan, mai kiran kansa Injiniyan Zare. Ka san irinsu: ka kai yadin riga, ka dawo da rigar matashi. Ƙanwarsa Auta kuwa wata huɗu ke nan da fara aikin likita, kullum sai ta dawo gida ido jajir, har tausayi take ba ni. Rigimarsu a kan ɗakin baya ce, inda babu hayaniya. Ita barci take so ta riƙa yi a ciki, shi kuma kekensa yake so ya kai.

"Yaya, awa talatin na yi a tsaye," in ji Auta. "Ga marasa lafiya suna ce mini, 'Yarinya, kira mana likita.'"

"Sai me? Ɗinkin da kike taƙama da shi ma sana'ata kuka ara."

Da Mama ta gaji, sai ta ɗauko ayaba biyu, irin wadda Auta ke koyon ɗinkin rauni a jikin ɓawonta. Ta tsaga kowacce da wuƙa, ta ce wanda ya fi iya ɗinkewa, ɗaki nasa ne.

Minti biyar Auta ta gama. Gogan naka kuwa sai ya zaro tef daga wuya, ya auna tsawon ayaba, ya auna ƙugu, ya yi ta laluben kafaɗa. Sannan ya ce, "Ku dawo ranar Alhamis."

"Mutum na zubar da jini ka ce Alhamis?" in ji Mama.

Ya karɓi allurar Auta, ya girgiza kai. "An cuce ki, wannan a lanƙwashe take." Ya sa haƙori ya miƙar da ita, ya lashi zaren yadda ya saba.

"Yaya, ka kashe majinyacin nan sau biyu."

"Yi shiru ki koyi aiki."

Ya ture ƙarfen riƙe allura, wai na matsorata ne. Ya shiga ɗinki yana fito, har da yi wa ayaba ɗan aljihu a gefe. Da ya ɗaga hannu zai yi jawabi, sai ayaba ta biyo shi tana lilo. Ashe sarkin gwaninta ya haɗa da fatar babban yatsansa.

Jini ɗigo ɗaya ya gani. Ya ce, "Mama, wa ya kashe fitila?" Sai ya tafi luu, goshi ya sauka a kan keke. Auta ta buɗe jakarta, ta yi masa ɗinki biyar a goshin da ya tsage, ta kwashi matashinta ta shige ɗakin baya.

Bayan kwana uku yana zaune a shago, ya tura hula har gira, sai ga wani dattijo da ya taɓa ɓata wa wando. Dattijon ya ɗaga hular, ya ƙura wa goshin ido.

"Tela, tunda nake zuwa shagon nan, sai yau na ga miƙaƙƙen ɗinki. Wa ya yi?"

"Ƙanwata," in ji shi, murya can ƙasa.

"To miƙo mini yadina. Ƙarfe nawa take tashi daga aiki?"