Ruwan Mai Jego

A shekarar da darajar sefa ta faɗi, ɗaukar buhunan gero a shagona na kasuwar Gure ya kama mini ƙugu, sallah ma sai a zaune. Lokacin matata Hadiza ta haihu, surukata ta zo daga Kelle tana yi mata wankan jego.

Na yi nazari irin na manya. Macen da ta haihu shekaranjiya ga ta tana tafiya garau, ni da ko haihuwar ban yi ba ina jan ƙafa. Ashe maganin yana cikin gidana!

Da safe na ga tukunya na tafasa babu kowa. Na juye ruwan a bokiti, na shige bayan gida, na tsoma ganye na fyaɗa a baya yadda na zaci ana yi.

Har yau ban san ko ni na yi ihun nan ba. Na dai tsinci kaina a tsakar gida da ganye a hannu, gaban surukar da ban taɓa haɗa ido da ita ba. Na rasa abin da zan rufe, bayan ko fuskar.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Hadiza, tambayi maigidanki, a dama masa kunun kanwa ne?"

Ƙugun bai warke ba, ga ƙuna a kai. Jaririn nan yanzu ya yi gemu, amma in na buɗe shago maƙwabtana sai sun ce, "Sannu mai jego, yaushe arba'in?"