Fillancin Darakta Ramalan

Da tsumma a hannu rana take samun Darakta Ramalan. Kullum safiya, kafin Hidaya mai nono ta iso daga Durba da ƙwaryarta, sai ya goge wata kanta a ofishinsa na Rano, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Babu komai a kanta. Wurin kambu ne, kambun da Bikin Fina-finai na Ƙasa zai ba shi ran da ƙasar ta yi hankali.

Allah Ya yi wa garinmu baiwa da wannan bawa nasa. Sau uku yana tura fim, sau uku ana dawo masa da shi, sau uku yana tara mu ya yi mana bayani.

"Bikin nan ɓata lokaci ne. Taron 'yan birni ne da ba su san ƙanshin ƙasa ba."

Bana ya tura na huɗu, don ya tausaya musu.

Sunan fim ɗin Raɓa a Kan Ƙaho. A rugar Arɗo Shitu, surukin Hidaya, ya ɗauke shi. Ya tsayar da tsohon a cikin shanunsa ya ce, "Baffa, yi Fillanci, daga zuciya." Arɗo ya yi ta magana, idonsa a ƙasa, muryarsa a sanyaye kamar iskar damina. Fillancin Darakta bai wuce gaisuwa ba, amma mai basira ba ya jiran tafinta. Da kansa ya rubuta fassarar da ke bi ta ƙasan hoto: "Ƙasa uwata ce, saniya ƙanwata, hawayena ruwan shuka."

Ran Talata saƙo ya zo: an karɓi fim. Darakta ya sa babbar riga, ya kira mu ofis, har Hidaya ya ce ta ajiye ƙwarya ta shaida tarihi.

"Na sha gaya muku, bikin nan shi ne ma'aunin gwanaye. Wanda bai shiga ba, bai fara fim ba. Muntari, karanta musu."

Muntari, mai tace masa fim, ya karanta. Ya kai tsakiya ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, a rukunin barkwanci suka sa shi. Wai akwai mai jin Fillanci a alƙalan, ya yi dariya har ya nemi ruwa. Suna so a tura fassarar gaskiya kafin Juma'a, in ba haka ba su cire shi."

Aka kunna fim. Arɗo ya bayyana, ga hawayen ruwan shuka a rubuce a ƙarƙashinsa. Duk muka juya wajen Hidaya.

"Malam, in faɗa?"

"Faɗi. Fasaha ba ta tsoron gaskiya."

"Cewa ya yi, mai hular nan ya taka kashin shanu tun ɗazu, kar wanda ya gaya masa."

"Nan gaba fa, inda yake kallon sama?"

"Wai ya ce in yi kuka, alhali ba abin da aka yi mini. In ya gama ku raka shi titin Kibiya, jiya ma a gonar dawa aka tsinto shi."

Wani ya kama tari, tarin ya ƙi ƙarewa.

Darakta ya daɗe yana duban kantarsa, tana sheƙi, tana jira. In ya janye fim, ta zauna haka wata shekarar. In ya tura fassara, ƙasa duka ta ji labarin takalminsa.

"Dama da gangan na yi," in ji shi. "Zambo ne mai zurfi. Muntari, a barkwancin ma ana ba da kambu?"

"Ana bayarwa. Har sun sa sunan wanda zai yi takara, a gwanin tsara magana."

Darakta ya gyara zaman hula.

"Arɗo Shitu, Durba," in ji Muntari.

Hidaya ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Baffa ba shi da kanta, Malam. Ko za ka ajiye masa a nan?"

Darakta ya naɗe tsummansa ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ya duba ƙasan takalminsa, sannan ya fita.