Alƙalamin Gilashin Baba Ticha

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na je gaisuwar rasuwar Baba Ticha a Madakiya ba. Shi ya koyar da ni a firamare, yanzu ni ma malami ne a Kafanchan (kimiyya nake koyarwa, abin da ya ƙara wa abin muni ke nan).

Kwana uku da binne shi, matarsa Mama Saratu ta roƙe ni in shiga ɗakinsa in tattara littattafansa. Da rana ne tsaka, amma hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu, taga kuma ta ƙi buɗuwa. Kwat ɗinsa na rataye a ƙusa, kafaɗunta a tsaye kamar da mutum a ciki. A tsakar gida 'yan zumuntar mata suna waƙa ƙasa-ƙasa.

A cikin durowa na tarar da wani siririn akwati. Na buɗe, na ga abu na gilashi kwance a kan baƙin ƙyalle, a murɗe kamar igiya, bakinsa mai tsini, wani jan abu ya bushe a jikinsa. Kusa da shi akwai ƙaramar kwalba da wani littafi. Babu komai a littafin sai sunayen mutane da jan rubutu, waɗansu da alamar giciye a gefe. Na bi masu giciyen ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na sani a cikinsu ya mutu.

A shafi na tara na ga sunana. Gefensa babu komai tukuna.

Ban san abin da ya sa na ɗauki gilashin ba. Hannuna duk gumi, na taɓa bakinsa, sai ja ya gangaro a yatsana. Na duba, babu ciwo. Na wurga shi kan tebur na fita a guje (na bar takalmi ɗaya a ɗakin mamaci).

A gaban kowa, har da Pasto da 'ya'yan marigayin, na tsaya ina ɗaga yatsa. Na ce, "Pasto, a yi addu'a. Baba ya bar abin tsafi, yana fitar da jini, kuma sunana na ciki."

Waƙa ta tsaya. Pasto ya rufe Baibul ɗinsa a hankali. Mama Saratu ta tashi, ta shiga ɗakin, ta fito da gilashin da kwalbar da littafin, ta zauna a kujera.

Ta ce, "Ɗana, wannan biro ne. 'Yarmu Rifkatu ta kawo masa daga ƙasar waje."

Ta yi mana bayani yadda shi ya sha yi mata. Da hannu ake yinsa: a sa sandar gilashi a wuta har ta yi laushi, a ja ta, a murɗe, sai 'yan layuka su fito har zuwa tsinin. Layukan ne ke riƙe tawada, tsomawa ɗaya ta kai mutum kusan ƙarshen shafi. Ta ce sana'ar ta haura shekara ɗari, kuma da wuya ka samu biyu iri ɗaya. In an gama akan wanke shi da ruwa, amma ciwo ya kwantar da Baba kafin ya wanke.

Na ce, "Sunayen fa, Mama?"

"Yaran da ya koyar ne. Kowace safiya yana yi muku addu'a. Wanda ya riga shi tafiya, sai ya sa masa giciye."

Ta ɗaga alƙalamin ta duba, ta ga tsinin ya ɗan ɓalle inda na wurga shi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce bari ta gwada ko yana yi. Ta tsoma shi a kwalba, jar tawada ta hau layukan da kanta, ta buɗe littafin, ta sauke hannu daidai gefen sunana.

Na ce, "Mama, don Allah ba a nan ba."

Pasto ne ya fara dariya, sai gidan makoki ya ɗauka gaba ɗaya. Ita ma Mama ta yi har da hawaye, suka ce tun rasuwar ba ta yi ba. Rifkatu dai ba ta yi dariya ba, sai da na je har sau biyu ina ba ta haƙuri.

Tun daga ranar, in na ga abin da ban gane ba a gidan mutane, tsohuwar gidan nake ja gefe in tambaya a hankali kafin in kira Pasto.