Jakar da Aka Zazzage a Gaban Matan Zumunta

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a Sabon Gari ba, ranar da na yi wa'azi mafi daɗi a rayuwata, na kuma sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba, duka a cikin awa ɗaya.

Ni malamar makaranta ce a Samaru, kuma sujadar Turanci nake zuwa, inda kowa ke saka baikonsa a ambulan, ba mai sanin na wani. Gwaggon mijina, Mama Hannatu, ita ce shugabar matan zumunta a wata majami'ar Hausa a Sabon Gari. Ita ta kira ni a waya ta ce gobara ta cinye ɗakin wata 'yar'uwarsu, Rifkatu, mai tuyar ƙosai a unguwar PZ, ta tsira da zanen jikinta kaɗai. Za su yi mata gudummawa, suna kuma so in fara yi musu koyarwa.

"Ki haɗo da ɗan abin da Allah ya hore miki na sutura," in ji ta.

Koyarwar ce ta cika mini kai. Kwana uku ina shiri, har da gwaji a gaban madubi. Maganar sutura kuwa sai da safiyar ranar na tuna da ita. Na durƙusa na kwashe duk abin da ke ƙasan kwaba na cusa a jaka. Na ce a raina ai wadda ta yi gobara ba ta zaɓe (Allah ya gafarta mini), kuma a tsibi ɗaya za a zuba, wa zai san na wane?

Na hau bas muka bi ta Palladan da Hanwa ina ta maimaita maganata. Da na isa, mata sun cika benci, ana buga tulu ana waƙa. Na miƙa jakar ga magatakarda, na ga ta liƙa mata takarda ta rubuta sunana. Ban kawo komai a raina ba.

Labarin da na zaɓa shi ne na saurayin nan mai dukiya da ya tambayi Yesu abin da zai yi ya sami rai madawwami. Aka lissafa masa dokoki, ya ce duk ya kiyaye su tun yana yaro. Aka ce saura abu guda, ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta, sai ya juya ya tafi da baƙin ciki. Na ce musu bai yi kisa ba, bai yi sata ba, amma doka ta fari ce ta kayar da shi, domin dukiyarsa ta zama allahnsa. Mata suka yi ta cewa amin. Da na ji daɗin muryata sai na ɗaga yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ke fa, mene ne abu ɗaya da kika ƙanƙame, wanda ba za ki iya sakar wa Ubangiji ba?"

Daidai nan wata tsohuwa ta miƙe da sandarta ta fita. Har na ji haushi, na ce a raina gaskiya ce ta yi mata zafi.

Ina zama sai aka shimfiɗa tabarma a gaba, aka zaunar da Rifkatu a gefe. Ashe su al'adarsu daban ce. Magatakarda za ta kira sunan mai jaka, mata biyu su ɗaga kayan ɗaya ɗaya kowa ya gani, a rangaɗa guɗa, domin wadda aka ba ta san wanda za ta sa a addu'a. Sai a lokacin na tuna da takardar da aka liƙa wa jakata. Wata ta kawo tukunya, wata sabon zane, wata kasko. Mama Hannatu kuma, don ta karrama ni, ta ce a ajiye jakar Malama sai ƙarshe.

Aka zo kaina. Mai guɗa ta fara tun kafin a buɗe. Abin farko da aka ɗaga riga ce da dutsen guga ya ƙone mata baya. Na biyu zane ne da ya koɗe har ana hango tagar majami'a ta cikinsa. Na uku singiletin mijina (wanda da shi muke goge takalma). Guɗar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu a maƙogwaron mai ita. Sai ga takalma, duka biyun na ƙafar hagu.

Ba wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Rifkatu ta karɓi singiletin da hannu biyu.

"Na gode, Malama. Wannan zai yi mini amfani wajen sauke kasko."

Da gaske take faɗa, ba habaici. Na sunkuyar da kai ina duban faratan ƙafata.

Ana cikin wannan shirun tsohuwar nan ta dawo tana haki, riƙe da ƙulli. Sunanta Mama Saratu, gidanta yana bayan majami'ar. Ta kwance ƙullin a kan tabarma, ƙanshin kafur ya tashi. Farin leshi ne, ɗinkakke, ba a taɓa sa shi ba. Na ji mata sun ja numfashi, domin duk sun san shi. Shekara da shekaru tana gaya musu cewa da shi za a binne ta.

"Mama, ai wannan na ranar tafiyarku ne," in ji Mama Hannatu a hankali.

"Na sani. Ni ban san ina da dukiya ba sai yau da yarinyar nan ta yi tambaya. Ba gona, ba akuya, amma kullum sai na buɗe wannan na shafa shi. Wanda zan je wurinsa ya san ni da tsummana. Rifkatu kuwa ga Lahadi nan tafe, da me za ta zo sujada?"

 Na karanta wannan labari ya fi a ƙirga, amma ban taɓa tsammanin zan ga mutum da idona ya yi abin da saurayin ya kasa ba. Ba a yi guɗa ba. Rifkatu ta rufe fuska da bakin zanenta tana kuka, sauran mata suna share ido. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a majami'a ba, kamar in cire takalmina.

Sai tsohuwar ta dogaro sandarta ta zo ta kama hannuna.

"Allah ya ƙara miki sani, 'yata. Ke kika buɗe mini ido."



Da na koma Samaru ban ko cire mayafi ba na buɗe akwatina. Atamfofi ne jere waɗanda ban ɗinka ba. Na ɗauko wadda ta fi duka kyau, na rungume ta, na daɗe a tsaye. Zan so in ce muku ita na kai wa Rifkatu washegari, amma ƙarya ce. Na mayar da ita, na ɗauki mai bi mata. Ta farkon tana nan har yau, na kasa ɗinkawa, na kasa bayarwa.

Tun daga ranar na daina raina saurayin nan mai dukiya. Ya ma fi ni kunya, domin shi da ya kasa, shiru ya yi ya kama hanyar gida, bai tsaya yana nuna mutane da yatsa ba.