Yadda Injiniya Ya Daidaita Mini Kwamfutoci Biyu

Ina roƙon wannan fili ya ara mini ɗan wuri in kai kukana, ko shugabannin layin masu gyaran kwamfuta na kasuwarmu za su ji kunya su motsa.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamaren garinmu, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta. Bayan na yi ritaya gara ta shiga ofis ta far wa tsofaffin rajistocin makaranta. Na zauna shekara shida ina shigar da su kwamfuta da yatsa ɗaya: sunan kowane ɗalibi, lambarsa, shekarar da ya shiga da wadda ya fita. Littattafan kam tuni gara ta ƙarasa su. Don haka duk wanda takardar shaidarsa ta firamare ta ɓata, wurina yake zuwa in buga masa shafinsa, ya kai wa hedimasta mai ci ya ba shi sabuwa. Yanzu haka akwai Kuluwa Tanimu, wadda ta fita a 1998, tana jirana. Ranar Alhamis za a tantance ma'aikata a wurin aikinsu, in babu takarda a cire sunanta.

Tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta fara zafi kamar dutsen guga tana mutuwa da kanta, sai 'yata ta aiko mini da sabuwa. To, duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba a faɗa wa sabuwar rajista haka kawai. Sai ka ɗauki rula ka ja layuka, ka rubuta kan kowane gida, sannan a zo zuba sunaye. Haka na yi wa sabuwar. Kowace shekara na buɗe mata fayil mai suna iri ɗaya da na cikin tsohuwar, na ja layuka tsaf, na bar gidajen a buɗe suna jiran sunaye.

Na rungumi biyun zuwa wani shago da aka rubuta wa Injiniya Sabi'u da manyan baƙaƙe. Ya ce babu ruwansa da filash, babu ruwansa da intanet. Ya zaro wata shuɗiyar waya, ya cusa kai ɗaya a tsohuwar, ɗaya a sabuwar. Ya ce, "Baba, wannan kai tsaye ne. Kafin ka gyara zaman hularka biyun sun zama iri ɗaya."

Ko minti uku ba a yi ba ya zare wayarsa. Na ce aikin shekara shida ne fa. Ya yi mini murmushin da ake yi wa wanda ya zo birni yau, ya ce, "Zamani ke nan, Baba."

Na koma gida na buɗe sabuwar. Ga layuka, babu suna ko ɗaya. Na ce ba komai, ai tsohuwar tana nan. Na buɗe ta. Layuka! Layukana ne kuwa, a miƙe, babu wanda ya karkace. Ɗalibi dubu huɗu da ɗoriya an share su kamar allo ranar Juma'a.

Washegari na kai ƙara wurin Alhaji Mamuda, shugaban layin. Ya aika aka kira Injiniya, ya iso yana sakace.

Alhaji Mamuda ya ce, "Sabi'u, me ya faru da kayan Malam?"

"Ranka ya daɗe, aiki ya yi. Na ce za su zama iri ɗaya, a buɗe a gani. In an sami bambancin harafi ɗaya a rufe shagona."

Na ce, "Wannan gaskiya ne, Alhaji. Sun yi kama kamar tagwaye. Ina sunayen?"

"Baba, ai laifinka ne. Wa ya aike ka buɗe fayil mai suna ɗaya a wuri biyu? Kwamfuta ta tambaye ni, ga na bara ga na jiya, wanne za a bari? Fisabilillahi, wa zai ga sabo ya zaɓi tsoho?"

"Ka buɗe ko ɗaya ka duba abin da ke ciki?"

"Mu ba ma buɗe fayil ɗin mutane. Amana ce."

"Madalla da wannan amana. Alhaji, na yi shekara talatin da biyar ina kama masu satar amsa. Amma a ce an zaunar da na ɗaya a aji, an sa shi ya goge amsarsa ya kwafi farar takardar na kusa da shi, wannan sai a shagon Injiniya."

Alhaji Mamuda ya rufe baki da hannun riga yana tari. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, yaro ne. Sabi'u, me za ka yi wa Malam?"

"Ya kawo su in sake jona masa wayar. Kyauta."

Na ce, "Allah ya saka. Me za a tura, daga ina zuwa ina? Ko layukan ne ba su isa ba?"

Nan na karanta musu buƙatuna, kuma ina maimaita su a nan don kada a ce ba a ji ba. Na farko, ƙungiya ta ɗauki tsohuwar kwamfutar ta kai ta Kano wurin wanda ya iya tono abin da aka danne, a dawo mini da ita kafin Alhamis. Tun ranar ban sake kunna ta ba, kuma ban yarda hannun Injiniya ya kusance ta ba. Na biyu, Injiniya ya je da ƙafarsa ya yi wa Kuluwa bayani, don ni na rasa da wane baki zan fara. Na uku, a sauke kalmar nan ta Injiniya daga allon shago, a ajiye ta sai ranar da ya koyi buɗe abu kafin ya danne shi.

Da Injiniya ya ji an taɓo allon shagonsa, sai ya yar da tsinken sakace, ya durƙusa har ƙasa.

"Haba Malam, ka rufa mini asiri. Ba ka gane ni ba ne? Sabi'u ne fa, ɗan gidan Mai Kananzir. Kai ka koyar da mu lissafi a aji biyar. Ni ma fa sunana yana cikin waɗanda suka tafi, hasarar har da ni."

Na gyara tabarau na dube shi da kyau. Na ce, "To ko a nan ka yi mini alheri guda. Yanzu babu sauran wata shaida a duniya da ke nuna ni na koyar da kai."