Rasuwar Odinatar ta Malam Illo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya gaji da kallon baƙin gilashi, Malam Illo, tsohon malamin gona na Madarunfa, yana sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda unguwa ta sani da suna Odinatar. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin damanar 1999, bayan jinyar kwana tara.

Marigayiyar ta shigo gidan shekara huɗu da suka wuce, lokacin da wani aikin raya karkara ya tashi ya bar masa ita. Mai haƙuri ce. Idan wuta ta ɗauke takan yi shiru, idan ta dawo ta ce “ƙit” sau ɗaya, ta ci gaba da aiki ba ƙorafi. A cikinta Malam Illo ya zuba abin da ya yi shekara ashirin yana tarawa daga bakin tsofaffin manoman Gabi da Safo: irin gero da dawa kala-kala, wanda ke jure fari, wanda tsuntsu ba ya so, da sunan tsohon da ya faɗi kowanne. Da ya gama kwafewa sai ya bar littattafansa a zaure, gara ta cinye su. Bai damu ba, tunda Odinatar ba ta mantuwa.

Ciwon ajali ta waya ya shigo. Ɗiyarsa Rashida tana karatu a ƙasar waje, don haka a bara ya haɗa marigayiyar da layin tarho domin wasiƙa ta riƙa zuwa a yini ɗaya. Kafin ta kama layi takan yi kuka, “kiiii, ƙurrr,” shi kuwa yana murmushi. Wata safiya sai ya ga kibiyar da ke kan gilashi tana tafiya ba wanda ya taɓa ta. Bakin da ake saka faifai ya buɗe da kansa, ya rufe, ya sake buɗewa. Kashegari bayanin gero na Gabi ya ɓace daga cikinta. Rana ta tara ya kunna, ba ta amsa ba.

Wani mai gyara, Maman, ya zo daga Maradi, ya duba, ya girgiza kai. Ya bayyana cewa wani ne daga nesa, wanda ba za a taɓa sanin sunansa ba, ya samu ƙofa a buɗe ya shiga ya share komai. Akwai wata katangar tsaro da ake sa wa irinta, mai tsare bakin layi ta hana baƙo wucewa. Malam Illo bai taɓa jin labarinta ba sai ranar.

Ta rasu ta bar gilashi guda, da na'urar buga takarda wadda ba ta da mai ba ta umarni, da rigar atamfa da uwargida Balaraba ta ɗinka mata.

Za a lulluɓe ta a kwalinta ranar Juma'a bayan La'asar, a ɗora bisa kabad. Zaman makoki a ƙofar gida, kwana uku. Ana roƙon duk tsohon da ke tune da sunan wani iri ya zo a sake rubutawa. Malam Illo ya shimfiɗa tabarma biyu kawai, domin a cikin tsofaffi arba'in da suka ba shi labari, uku suka rage, ɗaya kuma ba ya gane mutane.